Ranar da Baba Ya Kira Sunana

Da sunan Allah nake fara wannan rubutu, shi da ya san abin da na ɓoye tun kafin in faɗe shi. Ni Haruna direba, mutumin Daura, na rubuta labarin jinyar mahaifina ne saboda 'yan'uwana masu riƙe sitiyari, da duk wanda yake da tsoho a gida. Ni ba malami ba ne, aji bakwai na yi na kama mota. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, ku ɗauki abin da ke ciki.

Sai na fara gaya muku yadda muke da Baba, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Ni ne ɗansa na fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a ƙasar nan, uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya sa hannu a kwano ɗaya da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye muddin akwai wanda zai aika. Ƙannena kowa yana jin sunansa a bakin Baba safe da yamma, har da wasa da dariya. Ni kuwa "wancan" ne. Da na fara tuƙi sai na samu ƙarin girma, na zama "direban nan". Ina tsaye a gabansa zai juya ya ce da Inna, "A ce wa direban nan gobe da sassafe za mu Mai'aduwa." Inna ma ba ta kama sunana, sai ta dube ni ta ce, "To, ka dai ji." Shekara talatin da biyu muna haka. Na san kunya ce, ba ƙiyayya ba, kowa ma ya sani. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, tun ina yaro abin yana sosa mini rai.

Baba fataucin tumaki da awaki yake yi. Shi ya sayar da bijimansa biyu ya haɗa mini na sayi akori-kura, nake kai masa dabbobi kasuwanni, in ɗauki fasinja da buhuna a hanya. Wannan kuwa a shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka haɗa musu da na baya. Garin nan rikicewa ya yi. Akawu ya sayi babur, malamin makaranta ya sayi babur, 'yan kwangila suka cika gari da tifofi, manyan motocin kaya suna ta kai da kawowa tsakaninmu da Kongolam ta bakin iyaka. Titi kuwa shi ne dai wanda jakuna suka saba bi. Kowa ya samu hon, ba wanda ya samu haƙuri. Ni kuma dama Allah ya yi ni da zuciya a kusa. A tasha Ashana suke ce mini, ina kuma jin daɗin sunan, don a lokacin gani nake direban da ba a tsoronsa ba direba ba ne.

Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, ranar kasuwa, wajen azahar. Akwai wata kwalbati a bayan kasuwa da ruwa ya cinye gefenta, mota ɗaya kaɗai take iya hawa. Na taho da raguna shida a baya, Baba yana zaune kusa da ni a gaba. Ina hawa kwalbatin sai ga tifa shaƙe da yashi ta ɗaya ɓangaren, muka yi gaba da gaba. Ni na riga shiga, har gobe zan rantse a kan wannan, ko da yake rantsuwar ba ta da sauran amfani. Bayana babura da amalanke da jakuna, bayansa ma haka, kowa yana danna hon, wanda ba shi da hon yana ihu.

Mai tifar ya leƙo daga sama ya ce, "Kai mai akwatin awaki, ja baya mana!"

Na leƙa na mayar masa, na haɗa da uwarsa. Ya rama. Baba yana kallon gilashi, bai juyo ba, ya ce a hankali, "A ja baya mana. Raguna sun sha rana."

Na ji shi sarai. Na sha gaya wa kaina cewa da ya ce "Haruna, ja baya" da na ja. Ƙarya nake yi wa kaina, ba zan ja ba. Na sa hannu ƙarƙashin kujera na zaro ƙarfen cire taya, na diro. Niyyata in fasa masa fitila ɗaya ya tafi da ita ya riƙa tunawa da ni. Na ɗaga ƙarfen na kai shi baya da dukan ƙarfina, sai na ji ya sami wani abu a bayana, wani sauti mara amo. Na waiwaya. Baba ne durƙushe a kan gwiwa ɗaya, hularsa a cikin taɓo. Ashe ya fito ne ya riƙe mini hannu.

Mutane suka yo kanmu. "Me ya faru? Wa ya bugi tsoho?" Baba ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya sa ta ya rufe wurin, sama da kunnen dama. Ya miƙe ya ce, "Ba wanda ya buge ni. Ƙofar mota na yi karo da ita garin fitowa." Ya san abin da gari zai ce da ɗan da ya daki ubansa da ƙarfe. Ba mai sake shiga motata, ba mai ba ni hannu a masallaci, 'ya'yana ma sai abin ya bi su. A tsaye a wurin, kansa yana jini a ƙarƙashin hula, ya gama wannan tunanin kafin ni in rufe baki. Mai tifar, wanda yake sama ya ga komai, ya sa ribas ya ba mu hanya.

Satin farko babu abin da za ka kira ciwo. Ɗan kumburi ne kamar goro da 'yar tsaga. Inna ta gasa masa da ruwan zafi ta shafa man shanu, tana ta yi wa ƙofar mota faɗa. Kwana uku kumburin ya sace, Baba ya koma kara wurin dabbobinsa. Kullum da safe ina zuwa in durƙusa a bakin zaure in gaishe shi, da niyyar yau zan roƙi gafara. To amma ta ina za ka fara irin wannan magana da mutumin da bai taɓa haɗa ido da kai ba? Sai na koma aike. Na aika da tsire, na aika da sukari, na sayi sabuwar hula. Ya karɓa ta hannun Inna ya ce an gode.

Sati na biyu kai ya fara sara masa. Yakan ɗaure shi tamau da rawani ya kwanta bayan azahar, abin da ba halinsa ba. Na sayo ƙwayoyi a kemis, su yi aiki da safe su sake shi da yamma. Sai ga Gwaggo Ladi, ƙanwarsa, ta zo daga Baure. Gwaggo kuwa ba a taɓa yin ciwon da ba ta san maganinsa ba. Ta dube shi sau ɗaya ta ce rana ce ta dake shi a kasuwa, jini ya taru a ƙeya. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho. Da baƙin jini ya fito Gwaggo ta zagaya da shi tana nuna wa kowa. "Kun gani ko? Mataccen jini ne. Shi ke nan an rabu da shi." Baba ya ce ya ji kansa ya yi sakayau. Na sallami wanzami da fara'a, don maganar rana ta yi mini daidai.

A farkon sati na uku ne, da safe, na zo gaisuwa kamar kullum. Yana zaune a zaure da kwanon koko da ƙosai. Na durƙusa ke nan sai na ji ya ce, "Haruna."

Na waiwaya bayana in ga wane Harunan ne ya shigo. Ba kowa.

"Haruna, da kai nake. Zo nan ka zauna. Sa hannu."

Na hau tabarmar. Muka ci ƙosai a kwano ɗaya. Ya dube ni cikin ido, ya ba ni labarin ranar da aka haife ni, yadda labari ya same shi a kasuwar Sandamu ya bar awakinsa a hannun mutane ya taho a ƙafa, ya iso ƙofar gida kuma kunya ta hana shi shiga, ya yi ta zagaya unguwa kamar mai cigiya. Yana faɗa yana dariya, har ya dafa kafaɗata. Da na fita na tuƙa mota zuwa bayan gari, na tsaya a gindin wata bishiya na yi kuka har na gode Allah. Na ce a raina Baba ya yafe mini, ba ma yafewa kaɗai ba, ya buɗe mini ƙofar da na shekara talatin ina tsaye a bakinta. Wannan satin shi ne mafi daɗi a rayuwata, kuma har yau ina jin kunyar faɗin haka.

Kwana biyu da fara wannan, Inna ta tare ni a bakin madafi. Ta ce, "Kai, Malam fa ba lafiya."

Na ce, "Haba Inna, ai sauƙi ya samu. Ba ki ji dariyarsa jiya ba?"

"Ita ce ciwon. Shekara talatin da biyar ina zaune da mutumin nan. Ko cikin magagin barci bai taɓa kama sunanka ba. Wannan da kake gani ba shi ba ne."

Zuciyar nan tawa ta taso. Na ce, "Wato don ya kira sunana shi ne ya zautu? Ni kaɗai ne ba a kira sai an zautu?"

Ta ce, "Ban ce ya zautu ba. Na ce a kai shi asibiti."

Na kaɗe rigata na fita. Ni ne mai mota, ni ne babba, in ban ce a tafi ba ba mai tafiya. Kwana goma na ɓatar a nan, ina zuwa cin ƙosai da safe ina jin sunana.

Abin da ya sa na sauko, ranar nan a masallaci Baba ya yi sallama a raka'a ta uku ta azahar, ya zauna yana kallon mutane. A hanyar gida na lura yana jan ƙafar hagu, takalmi ya fice ya bar shi a baya bai sani ba. Da yamma ludayi ya suɓuce masa, kunu ya zube a riga, ya dubi rigar yana murmushi. Washegari bayan asuba muka tafi asibitin gari, ni da shi da Inna.

Wanda bai taɓa bin layin kati ba bai san haƙuri ba, ni kuwa a ranar na fara koyonsa dole. Layin kati daban, layin likita daban, benci ɗaya mutum goma sha, ga masu zuwa daga baya a shigar da su ta gefe don sun san wani. Sai bayan azahar muka shiga. Likitan baƙo ne daga wata ƙasa, ba ya jin Hausa, wani malamin asibiti yake yi masa tafinta. Ya duba harshe, ya duba ido, ya ɗaura abin awon jini. Sannan ya yi tambaya, tafinta ya juyo mana da ita.

"Ya ce ko tsoho ya taɓa faɗuwa, ko wani abu ya buge shi a ka?"

Baba ya ce, "Haruna, gaya masa lafiyata ƙalau."

Inna ta ce, "Ƙofar mota ce ta ɗan same shi, an kusa wata guda. Wurin ma ya warke."

Tafinta ya dube ni. "Kai ne direban? Bugu ne mai ƙarfi?"

Ga Inna a gefena, ga mutane a bakin ƙofa suna leƙe. Na ce, "A'a. 'Yar gogawa ce."

Likita ya rubuta. Aka ce hawan jini ne, a daina ba shi gishiri, ga ƙwayoyi, a dawo bayan sati biyu. Ba na ganin laifin mutumin nan ko kaɗan. Ya yi tambayar da ta dace, abin da aka ba shi kuma da shi ya yi aiki.

Sati na biyar da na shida barci ya karɓe shi. Yana cikin magana sai ya tafi, wani lokaci da loma a baki. Hannun hagu ya bi ƙafa. Ya fara sakin fitsari a kwance. Na ajiye mota na tare a gidan. Ni nake goya shi zuwa bayi, ni nake yi masa wanka, ni nake juya shi in gefe ɗaya ya gaji. Mutumin da ban taɓa ganin kansa ba hula ba, ga shi a hannuna ina cuɗa masa baya. In na zo wurin tabon nan sama da kunne sai in kauce da soso. Ranar komawa asibiti ma ni kaɗai na je na karɓo ƙarin ƙwayoyi, don ba zai iya zaman benci ba.

Mutane sun yi mana kirki, ba zan ci hakkinsu ba. Liman yana aiko da rubutu kullum bai taɓa karɓar ko goro ba. Abokan Baba na kara suka riƙe masa dabbobinsa, suka sayar da ragunan da muka ce a sayar ba tare da sun ci ko kwabo a kai ba. Maƙwabta ba su bar Inna ta hura wuta ba. Amma kuma masu dubiya sun gajiyar da mu. Ɗaki ya cika, mara lafiya yana neman iska, kowa da maganin da ya warkar da wani ƙanen kakansa, kuma ba mai tashi sai an ci tuwon rana. Gwaggo Ladi ta sauya magana ta ce iska ce, ya bi ta gindin tsamiya da tsakar rana. Aka yi ta turara masa hayaƙi yana tari. Ina zaune ina kallo, na san ba rana ba ce, ba tsamiya ba ce, na kuma yi shiru. In ya farka sai ya lalubo hannuna ya ce, "Haruna, Haruna." A lokacin sunan ya daina yi mini daɗi.

Ƙarshen sati na shida, da hantsi, aka yi sallama a zaure. Na fita sai na ga mai tifar nan. Na gane shi nan take, har na gyara tsayuwa don na zaci rigima ya biyo. Sai na ga goro da ƙullin sukari a hannunsa.

Ya ce, "Sunana Sani, mutumin Sandamu. Na daɗe ina cigiyar gidan nan, sai jiya wani a kara ya ce mini tsoho yana kwance. Yaya jikin nasa?"

Na rasa yadda zan hana shi, na shigar da shi. Inna tana zaune a gefen gado da kwanon kunu. Sani ya durƙusa ya gaishe ta, ya dubi Baba, ya kira shi bai amsa ba. Ya girgiza kai ya ce, "Wallahi Inna, tun ranar da ƙarfen nan ya same shi ban samu sukuni ba. Ina sama ina gani. Har cikin tifa na ji ƙarar."

Inna ta ce, "Wane ƙarfe?"

Sani ya dube ni, ya gane abin da ya yi, ya sunkuyar da kai. Ni na faɗa da bakina, a tsugune, tun daga zagin har zuwa hula a cikin taɓo. Inna ta ajiye kwanon a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kana tsaye likita ya tambaya."

Na ce, "Ina tsaye."

Ta ce, "To."

Sai Sani ya ce a wurin fasa dutse a Kano ya ga irin wannan, dutse ya sami wani abokin aikinsu a ka, ya yi wata guda yana yawo lafiya, sannan barci ya kama shi. Likitoci suka buɗe kan suka fitar da jini, mutumin yana nan da ransa. Inna ta miƙe ta ɗauki mayafinta ta ce, "Tashi ka tayar da motar." Ba ta ƙara yi mini magana ba har Kano.

Muka shimfiɗa katifa a bayan akori-kura, muka ɗaura tamfol saboda rana. Inna ta ɗora kan Baba a cinyarta. Sani ya bar tifarsa a tasha ya shiga gaba, don shi ya san asibitin. Hanya ta yi mana kyau har muka shiga Kano. A bakin wani shataletale, saura kaɗan mu isa, komai ya tsaya cak. Wata tasi da motar siminti ne suka goga juna, kowanne ya ƙi matsawa, suka toshe hanya gaba ɗaya. Motoci ta ko'ina, hon kamar zai fasa kunne. Baba a baya ya fara wani irin minshari da ban taɓa ji ba.

Na diro na kutsa da gudu. Direban tasin ya fito da ƙarfe a hannu yana zagin uwar mai siminti. Ban san lokacin da na kama hannunsa ta baya ba. Sai da na riƙe shi na tuna wanda ya taɓa yunƙurin yi mini haka. Na ce, "Ɗan'uwa, ka dubi Allah ka ja baya. Ubana ne kwance a mota, rai a hannun Allah."

Ya fizge ya ce, "Ina ruwana da ubanka? Shi ya same ni, shi zai matsa!"

Ban ji haushinsa ba, wallahi. Na san abin da yake ji a ƙirjinsa, na san daɗin da abin yake yi masa. Na cire hulata na durƙusa a kan kwalta mai zafi ina roƙonsa, ni Ashana, mutane suna kallo. Bai ko dube ni ba. Sai da Sani ya tara majiya ƙarfi suka ciccibi tasin da hannu suka ajiye ta gefe, mai ita yana ta zage-zage. Mun fi awa guda a wurin.

A babban asibitin Allah ya haɗa mu da wani likita ɗan ƙasar nan, Bahaushe. Wannan karon ban jira an tambaye ni ba, na ce ƙarfe ne, ni na buga, sati shida ke nan. Ya haska idon Baba da tocila, ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka ɗauki hoton kai. Sannan ya tambayi Inna ko halinsa ya canja kafin barcin ya zo.

Inna ta ce, "Ya fara kiran sunan ɗansa na fari."

Likita ya ajiye alƙalaminsa. "Tun yaushe?"

"Sati huɗu ke nan."

Ni kuwa na fara ba shi labarin masu toshe hanya, don ina neman wanda zan ɗora wa. Ya ɗaga mini hannu. Maganarsa tana nan a kaina kamar yau ya faɗe ta: "Ba awa ɗayan nan ba ce. Jini ne yake tsattsafowa a hankali tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa, yana taruwa yana danne ta. Irin wannan ciwon ba ya gaggawa. Yana ba mutane lokaci, ku ne ba ku karɓa ba."

A ranar aka shiga da shi. Aka nemi jini, na bayar, Sani ma ya nannaɗe hannun riga ya bayar, mutumin da na zagi uwarsa a bainar jama'a. Aka aske kan Baba aka huda ƙashin aka zuƙe abin da ya taru. Kwana biyu yana kwance ba motsi, mu muna zaman gindin bishiya a harabar asibiti tare da sauran masu jinya, ana kiranmu a aike mu sayen wannan da wancan.

Rana ta uku da safe ina zaune a bakin gadon ina matsa masa ƙafa, sai ya buɗe ido. Ya dubi rufi, ya dubi Inna, ya kai hannu kansa yana laluben hula. Sannan ya ga ni. Ya janye ƙafarsa daga hannuna, ya kawar da fuska, ya ce da Inna, "Me wancan yake yi a nan? Wa ya bar wa motar?"

Inna ta toshe bakinta da mayafi ta ce, "Alhamdu lillahi. Malam ya dawo."

Na fita baranda na jingina da bango na yi kuka. Ban taɓa jin daɗin kalma kamar "wancan" ɗin nan ba.

Da la'asar na dawo na durƙusa a ƙasa, nesa da gadon kamar yadda na saba. Na ce, "Baba, na gaya musu gaskiya. Ni ne. Ka yafe mini don Allah."

Yana kallon bango ya ce da Inna, "Ke, gaya wa direban nan ni na san abin da ya buge ni. Ƙofa ce. Ƙofa kuwa ba a riƙe ta a rai." Ya numfasa ya ƙara da cewa, "A kuma ce masa, in an ce a ja baya, a ja."

Inna ta dube ni, karo na farko tun Daura. Ta ce, "To, ka dai ji."

Mun ɗauka an tsallake. Kwana uku yana shan kunu da hannunsa, yana tambayar farashin raguna. Amma doguwar kwanciyar nan da hayaƙin da ya sha sun riga sun cika masa ƙirji. Zazzaɓi ya rufe shi, tari ya ƙi fita, aka yi ta allura jiki bai karɓa ba. Likitan ya ce da da sauran ƙarfinsa aka kawo shi da ya ture wannan. Ranarmu ta tara a Kano, da hantsi, Baba ya cika, Inna tana yi masa kalmar shahada yana bi. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan.

A motar da ya sayar da bijimansa ya saya mini na ɗauko shi zuwa gida. Hanyar unguwarmu dole sai ta kwalbatin nan. Na hau ta ke nan sai ga wani a kan sabon babur ta ɗaya ɓangaren, ya tsaya a gabana yana danna hon yana ɗaga mini hannu. Sani da ke zaune kusa da ni ya ce, "Kai ka riga shiga, ga kuma gawa. Bari in yi masa magana." Na ce ya bari. Na sa ribas na ja baya har ƙarshe, mai babur ya wuce yana hararata.

Baba ya rufa mini asiri har kabari, ni kuma yau na tona da hannuna, don rufin nan da shirun da na yi a kansa su suka ci mana sati shida. Wanda duk aka buga a ka, ko ya tashi ya kaɗe hula ya ce ba komai, ku kai shi asibiti, ku faɗi abin da ya buge shi da irin ƙarfin bugun, ko da faɗin zai zubar muku da mutunci. In tsohonku ya sauya hali rana ɗaya, ko da sauyin ya yi muku daɗi, ku saurari matar da ta shekara talatin tana zaune da shi. Ku kuma 'yan'uwana direbobi, ƙarfen nan na ƙarƙashin kujera na taya ne. Ina gode wa Sani, wanda har yau ba ya wuce Daura bai tsaya ya gaida Inna ba.

Ina nan ina tuƙi. A tasha sun daina ce mini Ashana, yanzu Ribas suke ce mini, don ko jaki muka haɗu da shi a ƙuntataccen wuri ni nake ja masa baya. Suna dariya, ina taya su. Sunana kuwa kowa yana kiransa, Haruna a tasha, Haruna a kasuwa, ba ya ɗaga mini hankali. Amma wani lokaci wani dattijo a cikin fasinja yakan ce da na kusa da shi, "A ce wa direban nan ya tsaya mu yi salla." Sai in taka birki, in daɗe ban iya waiwayawa ba.